Muryar Ummaru Mai Kalangu

Akwai wani yammaci a Wurno da har gobe bai fita raina ba, ranar da na karya dokar da nake koya muku da hannuna. Tunda kun dame ni da tambayar yadda ake sarrafa gudun kiɗa, ku gyara zama ku ji, amma a ajiye wayoyin nan tukuna.

Lokacin an gama cire albasa, bukukuwa sun kankama. A sana'armu ta DJ mutum kan fara da dakon sifika, ya koma jan waya da kula da janareto, sai maigidansa ya yarda da kunnensa kafin ya bari ya taɓa na'ura. Ni na wuce duk wannan, na sayi kayana, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba.

Ga wanda bai sani ba, a gefen na'urar akwai ɗan maɓalli mai zamewa da muke kira fici. Ka ja shi gefe guda kiɗa ya ƙara gudu, ka mai da shi ɗaya gefen ya lafa. Matsalar ita ce murya tana bin gudun. In ka ƙara sauri, ƙaton namiji sai ya koma kamar ɗan yaye, in ka rage da yawa mace ta koma gardi. Shi ya sa aka yi makullin murya, wanda ke riƙe muryar mawaƙi a inda take, komai ka yi da gudun. Abin da nake faɗa wa kowane sabon shiga shi ne: ka kulle murya, ka matsa fici kaɗan-kaɗan, ka daidaita waƙa mai shigowa a abin kunnenka kafin jama'a su ji ta. Wanda ya fizgi fici gaba ɗaya, ƙafafun masu rawa yake fizga.

Yinin mata ne aka kira ni. Masu bikin mutanen wani ƙauye ne a bayan Gandi, 'yan bindiga suka tashe su, suka rarrabu a gidajen aro cikin Wurno. Amaryar, Saratu, Goronyo za a kai ta, kuma an gargaɗe ni cewa mota za ta tashi tun da sauran rana, don ba mai son duhu ya same shi a hanya.

Bayan la'asar, 'yan mata na tsakiyar cashewa, wata dattijuwa ta tsaya a gabana tana kwance bakin mayafinta. Inna Hajo ce, mahaifiyar amarya. A al'ada ma bai kamata a gan ta a fili ba ranar, amma ta ajiye kara ta fito. Ta miƙo mini wata ƙaramar waya da aka ɗaure da roba.

"Kai na mai kiɗin? Akwai waƙa ciki, ita nika so a hidda ɗiyata da ita. Babanta na yay yi ta. Dut ɗiyad da anka aurar garinmu, da ita aka hita."

Wata maƙwabciyarta ta ƙarasa mini bayani. Ummaru mai kalangu ne mijin Inna Hajo, ya rasu Saratu tana goye. An taɓa ɗaukarsa a kaset a wani biki, daga baya aka juye a waya. Ranar gudu, kaset ɗin da rikodar da kalangun duk a can aka baro su. Abin da ke cikin wayar nan shi ne kaɗai ya rage.

Na juye waƙar, na sake ta. Tsofaffin mata suka miƙe da murna, suka jeru, amma ba a je ko'ina ba ƙafafu suka fara harɗewa. Kalangun gudu yake kamar an biyo shi, muryar kuma siririya, tana tsuwa. 'Yan matan gari suka fara ƙunshe dariya. Ɗaya bayan ɗaya tsofaffin suka koma tabarma suna haki.

"Ɗana, mu ba tsere muka yi ba," in ji Inna Hajo. "Rawarmu ƙahwa ba ta barin ƙasa."

Na ce wannan mai sauƙi ne. Murya a kulle, na rinƙa sauke fici a hankali ina kallon ƙafar wata tsohuwa da ke buga ƙasa daga zaune, har kiɗan ya faɗa daidai da ita. Matan suka sake miƙewa, wannan karon rawa ta zauna. Na ɗaga kai ina jiran yabo, sai na ga Inna Hajo tsaye ƙiƙam, ba ta ko motsa ba.

"Kiɗin ya zamna," ta ce. "Amma wanga ba Ummaru ba na. Tun can nika hwaɗi, sunka ce tsuhwa ta kama mini kunne. Ummaru in ya buɗe baki, cikin ƙirjinka kaka jin shi."

Direba ya fara danna oda a waje. Na tambaye ta da me aka ɗauki waƙar.

"Rikodar ƙanena ta. Batir ya kusa mutuwa, sai da munka shanya shi rana."

Nan na gane inda matsalar take. Rikodar da batirinta ya yi sanyi a hankali take jan zare. In aka zo aka kunna kaset ɗin da lafiyayyen batir, sai komai ya ruga, kiɗa da murya tare. Ke nan ni da makullina na gyara gudun, na kuma riƙe muryar ƙarya gam a inda take. Sai dai ban san muryar Ummaru ba, kuma babu lambar da za ta nuna mini ita a na'ura. Mutum ɗaya ce za ta iya.

Na sa wa jama'a wata waƙar su riƙe, na ɗora mata abin kunne a kan ɗankwali. Na mai da fici tsakiya, na buɗe makullin, na fara saukewa ina kallon fuskarta.

"Ƙara," ta ce. Na ƙara. "Saura kaɗan." Can sai ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Hawaye na bin kumatunta.

Na saki kiɗan a sifika. Murya ce mai kauri, mai ɗan gurzawa, ta cika tsakar gidan. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Ummaru!" Guɗa ta tashi haɗe da kuka. Na sha ganin rawa, amma ban taɓa ganin mutane na rawa suna kallon gabas, wajen garinsu, sai ranar.

Ana haka aka fito da amarya a lulluɓe. Tana kaiwa tsakiyar fili ta tsaya cak.

"Inna, wa ka waƙa?"

"Babanki na."

"A'a, Inna. Na san muryatai."

Ashe da siririyar muryar nan Saratu ta tashi, ita take sawa a kunne in kewa ta dame ta. Inna Hajo ta riƙe kafaɗunta ta ce, "Saurara dai." Saratu ta tsaya har waƙar ta ƙare, direba na ta oda ba wanda ya kula shi. Daga cikin mayafi ta ce, "A mai da ta hwarko." Na mai da. Sannan ta taka, a hankali, ƙafarta ba ta barin ƙasa, har bakin mota.

Kafin su tashi ta aiko a sa mata waƙar a wayarta. Na leƙa ta tagar mota na tambaye ta wacce, tsohuwar ko gyararriyar.

"Dut biyun," ta ce. "Guda ita ta rene ni. Guda ko yau na gamu da shi."

To, dokar tana nan, ku ci gaba da kulle murya. Amma ku sani lambar da ke kan na'ura ba ta san kowa ba. Gudun kiɗa a ƙafar masu rawa ake karanta shi, kuma in mai biki ya ce muku wani abu bai yi ba, ku tambaye shi kafin ku ce bai san aiki ba.

Ina naɗe wayoyi Inna Hajo ta dawo ta ce in adana waƙar da kyau, don ranar da suka koma gida ni za su kira in sa ta a dandalin garinsu. Na sha canza na'ura tun daga lokacin, kuma kowace sabuwa ita ce waƙar farko da nake juyewa a ciki. Lambar wayata kuwa ban canza ba. Har yanzu dai ba a kira ni ba.