Kwandastar da Ba Ta da Tasha

A duk faɗin unguwar ba a taɓa yin mutumin da makomar ilimi ta dama ba kamar direban bas ɗin makarantar firamare. Shi ne ya gano cewa aji kurkuku ne da aka rataya wa allo, cewa yaro ba ya kwasar komai a cikin taro sai ashar da ƙwarƙwata, kuma cewa uwa da uba su ne jami'ar farko. Duk wannan cikin mako guda ya gano shi. Kafin makon, iyakar saninsa game da ilimi shi ne ƙofar da bas yake shiga da wadda yake fita.

Mutum ne mai tsari, ya daɗe yana jan bas bai taɓa gogar motar kowa ba. A gareji shi ake haɗa wa sababbin direbobi ya nuna musu aiki, kuma huɗubarsa ɗaya ce ba ta canjawa: "In ka sauke yara kada ka yarda da madubi. Tashi ka taka har kujerar ƙarshe, ka leƙa ƙarƙashi. Yaro ruwa ne, inda ya sami gangare nan yake kwanciya." Ya maimaita wannan har abokan aiki suka laƙaba masa Taka-har-baya.

Ba ya riƙe yara da suna, da tasha yake riƙe su. Akwai 'yan biyun bakin kemis, akwai mai kukan gindin gada, akwai yarinyar gidan mai da kullum takalminta ɗaya yake hannu. Da safe ya kwashe su tasha-tasha, a ƙofar makaranta kuma ya sauke su a ransa tasha-tasha. In tashoshi sun ƙare, yara sun ƙare.

'Yarsa ta fari, 'yar aji ɗaya, ita ce ba ta da tasha. Tare suke fita daga gida, ya ɗauke ta a babur zuwa gareji, ta hau kujerar gaba tana kiran wuraren tsayawa da iyakar muryarta. Shi ya sa kowa yake ce mata Kwandasta, kuma duk sanda aka faɗa sai uban ya gyara zaman hularsa.

Wata safiya mura ta kama ta. Uwarta ta ba ta magani, irin mai sa barci. A cikin bas ta ce iskar gaba ta yi mata yawa, ta koma can baya ta miƙe. A ƙofar makaranta yara suka sauka, tashoshi suka cika cif a kan direba. Wata mota a bayansa ta ishe shi da ham, ya ja. A gareji tun bai kashe inji ba makanike ya tare shi da zancen taya, ya sauko suna gardama, ya kulle ƙofa ya jefa makulli a aljihu. Bas ya tsaya a fili, rana tana dukan rufinsa. Malamar ajin ba ta nemi kowa ba. 'Yar direba ce, in ba ta zo ba ai ubanta ya san dalili.

Da ya dawo don kwasar yaran tashi, sai ya same ta zaune a kujerarsa, rigarta ta jiƙe sharkaf, leɓɓanta sun bushe, hannunta a kan ham ɗin da ba ya kuka sai an tayar da mota.

"Baba, na yi ta kiranka," ta ce, muryarta a dushe.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da abin ya zo masa da sauƙi.

Likita ya ce a ba ta ruwa sosai ta huta, ba wata matsala. Matarsa, wadda tela ce mai ɗinki a gida, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta tafi ta kwanta kusa da yarinyar. Ya jira zagi bai samu ba. A wannan makon ne ya fara nazarin ilimi.

"Maman Auta, kin san yara nawa ne a ajin yarinyar nan?"

"Nawa ne?"

"Da yawa. Malama ɗaya za ta iya da su? Jiya na ji wani ɗan aji biyu ya ɗura wata ashar, sai da na taka burki."

"Kai da kake yini a gareji, yau ka fara jin ashar?"

"Ni magana nake ta tarbiyya. Mu koyar da su a gida, ita da ƙanenta Auta. Mutane da yawa suna yi yanzu, masu ilimi ma."

Ta daɗe tana zura zare a allura, abin da ta saba yi ido rufe. Ba ta yarda da ko kalma ɗaya a jawabinsa ba. Amma ita ce ta ɗura wa yarinyar maganin da hannunta, ta kuma ce ta daure ta tafi makaranta saboda akwai ɗinkin da za a zo karɓa. Tun ranar, in Kwandasta ta daɗe a bayan gida sai ta sami kanta tsaye a bakin ƙofa tana kasa kunne.

"To, a gwada," ta ce.

Haka aka kafa makarantar, bisa ƙa'idojin tarbiyya.

Aka raba ɗakin ɗinki biyu. Keke ya koma jikin taga, aka kafa farin allo inda madubin gwajin kaya yake, masu kawo ɗinki suka koma duba kansu a gilashin kabad. Direba ya sayo ƙararrawa, ya naɗa kansa shugaba, matarsa kuwa ta fara kiransa Hedimasta ba tare da murmushi ba. Darasinsa tsakanin jigilar safe ne da ta rana. Yakan fara da ƙarfi, ya buɗe littafin karatu, ya ce a biyo shi, kafin a kai ƙasan shafi kansa ya langwaɓe, don mutumin da ya riga rana tashi ba ya jure kujera mai laushi. Ɗalibai sukan lulluɓe shi da ragowar yadi su fita da sanɗa.

Saura duk ya faɗa kan Maman Auta. Kwandasta ta koyi lissafi a kan tef ɗin awo, har ta iya faɗa wa mace faɗin ƙugunta a gaban jama'a, wanda ya jawo wa gidan asarar kwastoma guda. Auta kuwa, wanda bai ma isa shiga makaranta ba, ya fi mayar da hankali kan ɗanɗana alƙaluman allo.

Gaskiya yarinyar tana koyo, har ta fi da. Direba yakan faɗi haka a gareji ga duk wanda ya tsaya. Abin da ba ya faɗa shi ne yanzu in ya kulle bas ya yi nisa, sai ya dawo ya buɗe ya sake takawa har baya. Ba ya kuma faɗar abin da yake gani kowace safiya in bas ya bi ta layinsu: Kwandasta tsaye a taga da rigar barci, yara suna leƙowa suna ihu, "Kwandasta! Yaushe za ki warke?" Ita kuma tana ɗaga musu hannu, bakinta yana motsi, tana kiran tasha ta gaba.

Wata rana ya dawo da hantsi ya tarar an jera kujerun falo a layi. Kwandasta ce direba, murfin tukunya ne sitiyari, Auta da 'yan tsana fasinjoji. Ya tsaya a bakin ƙofa ba su gan shi ba. Ta tsayar da motarta, ta sauke kowa, sannan ta tashi ta bi kujerun ɗaya bayan ɗaya tana durƙusawa tana leƙa ƙarƙashi.

"Me kike nema, Yaya?" in ji Auta.

"Ba komai. Haka ake yi. Ko ɗanka ne sai ka duba."

Ranar ba a yi darasi ba. Hedimasta ya zauna a ɗakin ɗinki a kan kujerar masu jira, yana juya ƙararrawarsa ya riƙe harshenta don kada ta yi ƙara.

"Ta tambaye ni yau ko laifi ta yi aka cire ta," in ji matarsa, ƙafarta ba ta bar keke ba. "Wai ko don ta yi barci ne."

Ya ajiye ƙararrawar a kan cinyarsa.

"Baban Kwandasta, ni da kai muka yi ɓarna, yarinya ce take zaman gidan yari. Ba makaranta kake tsoro ba, kuma ka sani."

"Na sani."

"To?"

"Ba zan iya ba, wallahi. In na ɗaga ido na gan ta a madubin nan, hankalina zai bar titi, ga 'ya'yan mutane a bayana. In ban gan ta ba kuma ya fi muni. Ba zan sake sa ta a bas ɗin nan ba, ko za a yanka ni." Ya share fuska da hularsa. "In ba bas ba kuwa, ta yaya za ta je?"

Keken ya tsaya. Ta dube shi irin kallon da take yi wa mai kawo yadi kaɗan yana son babbar riga, sannan ta ci gaba da ɗinki.

Washegari ya fita shi kaɗai kamar yadda ya saba. Maman Auta ta goge rigar makarantar da ta soma yi wa yarinyar kaɗan, ta goya Auta, ta kama hannun Kwandasta suka fita a ƙafa. Makarantar tana ƙarshen layinsu ne, daura da shagon fenti. Sun riga bas ɗin isa.