Matar da na suturta a jikin injin Habibu

Jama'a, ku zo ku ji abin ƙyamar da ya same ni yau!

Kun san korona ta tsare ni a Setapak, can ƙasar waje, gidan ɗana Habibu. A falonsa akwai wani tsohon injin wasa, wai shi pinbol. Ana danna shi ta gefe biyu, ƙwallon ƙarfe ya yi ta gudu, ƙararrawa na kuka. Habibu ya ce irinsa 'yan kaɗan suka rage a duniya, shi zai sayar ya yankar min tikitin Kano.

To, a goshin injin akwai hoton wata mace, ba riga ba kallabi, kuma daidai alƙiblata! Jiya na ɗauko baƙin fentin ƙofa, na suturta ta har wuya.

Yau mai saye ya zo, wani ɗan Sin da takunkuminsa. Yana gani ya dafe kai: "Aiyo! Tak boleh lah!" Wai da yarensu, ba zai yiwu ba. Ya juya abinsa.

Habibu ya ce, "Hajiya, ai hoton nan shi ne darajar injin!"

Na ce, "Tsiraicin?"

Ya ce, "Shi fa."

Tir! Na ce, "To, a kwance min kayana. Ba ni hawa jirgin tsiraici."