Kar-a-Taɓa da Salatif Ɗinsa

Ƙarfe bakwai da rabi yake isowa. Ya jingine kekensa a bayan ɗakin mai gadi, ya kwance robar da yake ɗaure ƙafar wandonsa da ita, ya hau bene a hankali yana dafa bango. Kafin ya gaisa da kowa sai ya je gaban wani ɗan agogo da ke rataye a ɗakin aikinsa, wanda ba lokaci yake nunawa ba, danshin iska yake aunawa. Ya rubuta abin da ya gani a littafi. Ya wanke hannu sau biyu, ya jira su bushe ƙarau. Sai a lokacin zai waiwayo ya ce, "Iya, an tashi lafiya?"

Ni ce Iyar. Shekara ashirin da shida ina sharar gidan adana kayan tarihin nan, mai shara kuwa ba a rufe mata ƙofa, ba a kuma rage murya don ta shigo. Karatuna bai yi nisa ba, amma kunnena ya yi. Mutumin nan ya ajiye aiki wata biyu da suka wuce, bayan shekara talatin da takwas. An sha lemo, an ba shi agogon bango, kowa ya kama gabansa. Na jira in ga wanda zai rubuta wani abu a kansa, ban gani ba, shi ne na ce bari in kwatanta.

Kar-a-Taɓa muke ce masa, kuma ya sani. Ranar da na fara aiki na nufi teburinsa da jiƙaƙƙen tsumma, ina ganin ƙura a kan wasu tsofaffin takardu, ya ce, "Kar a taɓa." Bai ɗaga murya ba, bai ma ɗago kai ba. Haka ya faɗa wa wani babban baƙo da aka kawo da jiniya, da baƙon ya miƙa yatsa zai shafa wani zane. Shugaban gidan na lokacin kwana uku bai amsa gaisuwarsa ba.

Aikinsa jinyar tsofaffin takardu. Wadda ƙwari suka ci, wadda ruwa ya jiƙa, wadda ta bushe har tana karyewa kamar tsohon ganye, duk wurinsa ake kawowa. Ɗakinsa dogon tebur ne da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da kwalabe, da auduga, da burushi masu laushin da ko jariri aka shafa wa ba zai farka ba. Duk Litinin yana dama sitaci a 'yar tukunya, minti arba'in yana juyawa, shi ne gam ɗin da yake liƙa yagewa da shi. Matarsa ta ce min a gida ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba.

Mai gadi shaida ne, shekarar da rufin ma'aji ya yi yoyo da rana tsaka, mutumin nan shi ya kwashe akwati arba'in a kafaɗarsa kafin a gama neman wanda ke riƙe da makullin ɗayar ƙofar. Mako uku yana shanya takardu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma shaida ce ranar da wata mata ta kawo wasiƙar marigayi babanta, an wanke ta a aljihun riga ta dunƙule. Ba aikin gidan ba ne. Kwana huɗu yana warware ta a lokacin cin abincinsa. Matar ta karanta, ta zauna a matakala ta hana ni shara har azahar.

Amma ba don waɗannan na ɗauki biro ba.

Shekara tara da suka wuce aka kawo mana sabuwar ma'aikaciya, Maman 'Yan Biyu. Ta karanta ilimin sinadarai, aikinta ta auna takarda da tawada ta faɗi abin da ke cin su. Mace ce mai baki, shi ya sa muka shaƙu. Aka fito mata da wani akwati na wasiƙu ɗari shida da goma sha huɗu, waɗanda wani iyali suka bayar, wasu sun haura shekara ɗari. Duk inda takarda ta yage an manna salatif. Salatif ɗin ya tsufa ya yi ja, takardar da ke ƙarƙashinsa ta zama kamar an ɗiga mata mai.

Ta sa ɗaya a ƙarƙashin madubinta mai ƙara girman abu, ta daɗe tana leƙawa. Ina bayan ƙofa da tsintsiya.

"Baba, zo ka ga ikon Allah. Gam ɗin nan ya narke ya shige cikin takardar yana cin ta, ga shi ya kama tawadar. Wane mugu ne ya yi wannan aiki?"

Ya zo ya leƙa. Ya leƙa har na gaji da tsayuwa. Kowane akwati a gidan yana da kati, inda ake rubuta abin da aka yi masa da wanda ya yi. Ya ce, "Juya katin."

Ta juya. Sa hannunsa ne, da kwanan wata.

"Ni ne mugun," in ji shi.

"Baba, ka yi haƙuri, wallahi ban sani ba."

"Ai ba ki yi ƙarya ba. A kwali aka kawo salatif ɗin, aka ce shi ne sabon abu, ba ya lalacewa. Ban daɗe da fara aiki ba. Wata biyar ina mannawa, har takardar yabo aka ba ni." Ya cire tabarau ya murza ido. "Yaushe zai cinye su?"

"Wasu za su kai shekara goma sha biyar. Wasu ba za su kai ba."

Da ni ce, katin nan da ya ɓata kafin la'asar, ba na ɓoye muku. Shugaban gidan ma abin da ya ce ke nan da wasu kalmomin: a mayar da akwatin ƙasan ma'aji, ba mai tambayarsa. Kar-a-Taɓa ya ce to, ya ji. Washegari ya share gefe ɗaya na teburinsa ya ajiye akwatin a wurin.

Ku da kuke ɓare salatif a kwali da farce, ba haka ake yi ba. Ɗan ƙarfe ne mai ɗumi ake karawa, a jira gam ya saki, a zura wata 'yar wuƙa marar kaifi siririya kamar ganyen ciyawa, a ɗaga kaɗan. Sai a ɗiga wani ruwa mai warin asibiti a kan auduga, a lallaɓa ragowar gam ɗin ya fita ya bar tawada a inda take. In hannu ya yi gaggawa, rubutu ya bi salatif ya tafi. Takarda ɗaya takan ci yini, wata ta ci mako. Ga sauran aikin gidan bai tsaya ba.

Maman 'Yan Biyu ta roƙe shi su raba. A gabana ta roƙe shi ya fi sau ashirin.

"Ni na manna, ni zan ɓare," in ji shi. "Ke dai auna min ki gaya min wadda ta fi kusa da mutuwa, in fara da ita."

Shekara tara, jama'a. Tabarau uku ya canza. Bayansa ya lanƙwashe har kekensa ya yi masa tsawo. An yi bikin 'yarsa ta fari, ya zo aiki da safe ya ɓare rabin layi sannan ya tafi, dangin matarsa har yau suna maganar. Matar da kanta ta tare ni a bakin titi ta ce, "Iya, ki ce masa ya bari. Ko barci yake yi yatsunsa suna aiki, ya kusa ɓare min fatar hannu." Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ni na fara ganin abin. Kofin shayinsa ne ya soma ƙara a kan faranti in ya ɗauka. Daga baya ya koma riƙe shi da hannu biyu. Lokacin saura wata biyar ya ajiye aiki, saura wasiƙu saba'in da uku.

Na ce, "Malam, hannun nan fa?"

"Sanyin ɗakin ne, Iya."

"Shekara talatin ɗakin yana da sanyi."

"Akwai ƙura a bayan ƙofar can," in ji shi.

Ban gaya wa kowa ba, sai mai gadi. Shi ma don ya tambaye ni ne me ya sa na yi shiru.

Wata Laraba da hantsi ina goge gilashin taga, na ji ya ja numfashi. Na waiga. Yana zaune, 'yar wuƙar a hannunsa, ɗan guntun salatif a bakinta, shi kuma yana kallon takarda. Wasiƙa ce ta wani mutum da ya tafi neman aiki nesa, ya rubuto wa yayarsa. Daga baya Maman 'Yan Biyu ta karanta min layin. Cewa ya yi, ki gaya wa wane na yafe masa. A daidai sunan wanen hannu ya yi rawa. Tawadar ta bi gam ta dame, sunan ya tafi. An ɗauki hoton wasiƙar kafin a fara, kamar yadda ake yi wa kowace, amma salatif ɗin ya yi duhu a wurin, hoton bai nuna komai ba.

Daga ni sai shi a ɗakin, kuma ya san ban iya karanta irin wannan rubutu ba. Wa zai sani? Tsohuwar takarda ce, ko'ina ɓurma.

Ya jawo katin akwatin. Ya rubuta kwanan wata, ya rubuta lambar wasiƙar, ya rubuta cewa suna ɗaya ya goge a layi na shida saboda hannun mai gyara ya yi rawa. Ya sa hannu. Rubutun ma a karkace ya fito. Sannan ya ce, "Iya, kira min Maman 'Yan Biyu."

Ta zo tana goge hannu. Ya miƙa mata katin, ta karanta. Ya miƙa mata 'yar wuƙar, ta ƙi karɓa da farko.

"Baba, shekara nawa ina roƙonka?"

"Na sani. Karɓi."

"Sai da ka ga..."

"Sai da na gani. Da na ba ki tun bara, da yanzu an san wanda aka yafe wa." Ya tashi daga kujerar, ya kakkaɓe ta da hannu kamar baƙuwa za ta zauna. "Zauna. Fitilar ki karkato ta hagu, gam ɗin ya fi fitowa."

Wata biyar ɗin da suka rage a kan wani ɗan benci ya yi su, kusa da ita, hannayensa a tsakanin gwiwoyi. Yana tuna inda ya ninka salatif biyu tun kafin a haifi wasunku, ya ce mata nan ki yi a hankali, akwai wani a ƙasa. Wani lokaci ta harare shi ta ce, "Baba, numfashinka yana kaɗa min takarda." Ya ja da baya kaɗan, can kuma ya sake matsowa.

Ranar sallama shugaba ya tashi ya yi jawabi, ya ce ga mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara ɓarnar waɗanda suka gabace shi. Aka fara tafi. Kar-a-Taɓa ya ɗaga hannun nan mai rawa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya gabace ni. Yana rubuce a kati." Tafin ya mutu a hanya. Ni kaɗai na ƙarasa nawa.

Malam, yanzu da kai nake. Kai ne ka yi kuskure a inda ba mai gani, ka rubuta sunanka a ƙarƙashinsa sau biyu. Kai ne ka ɗauki shekara tara kana kwance abin da aka yabe ka a kai. Mai haƙurin auduga, likitan da marasa lafiyarsa ba sa godiya. Taurin kanka ya ci suna ɗaya, ba zan rufa maka wannan ba tunda kai ma ba ka rufa ba. Amma wasiƙu ɗari biyar da arba'in suna kwance lafiya a akwati saboda kai, kuma ka tashi daga kujera ranar da ya kamata, da ƙafarka, ba wanda ya ɗaga ka. Na ga manya da yawa a gidan nan, ban ga wanda ya iya wannan ba. Mun gode. Allah ya hutar da gajiyarka, ya ba hannun lafiya.

Ku kuma masu karatu, kowa yana da abin da ya manna a ƙuruciya yana cin wani a ɓoye. Ku koma ku duba tun hannu yana da ƙarfi, in ya fara rawa ku kira wanda ya fi ku. In kuma kuna da takardar kakanni a ƙasan akwati ta yage, don Allah ku bar ta a yage, ku kai wa masu aikin.

Makon jiya na je gaishe shi. Na same shi a ƙofar ɗaki a kan kujera, rediyo yana magana ba ya saurare. Matarsa ta kawo min ruwa ta raɗa min cewa kullum ƙarfe bakwai sai ya sa takalmi, sannan ya tuna ya cire. Muka taɓa hira, na ba shi labarin mai gadi da sabuwar rigimarsa, bai ko murmusa ba. Da na miƙe zan tafi ya ce, "Saura nawa?"

Na san wasiƙun da ke hannun Maman 'Yan Biyu yake nufi, na ce, "Talatin da takwas."

Ya yi lissafi da leɓe. Ya dubi hannayensa a kan gwiwa.

"Tana sauri," in ji shi. "Ki ce mata ba inda za su je. Ta riƙa tashi tana hutar da idonta."