Ranar da lasifika ta kori surukina

Shekarar da aka rufe boda a Maigatari har kasuwa ta yi sanyi, a ita ce mai gidan hayarmu ya sa mana kyamara. Gidan yana gefen garin Gumel, sassa ne a jere cikin katanga ɗaya, yawancinmu ƙananan ma'aikata ne da iyalanmu. Tun da na tare, abin da aka taɓa sacewa bokiti ne da takalmin wani maƙwabcina. Amma mai gidan a Kano yake zaune, ya ce ba ya son kowa da kowa yana shigar masa gida.

Aka kafa kyamara a kowace kusurwa, aka ɗora lasifika a saman ƙofa. Wai akwai wani ma'aikaci a ofis a Kano da yake kallon mu kai tsaye, in ya ga baƙuwar fuska sai ya yi magana. Aka maƙala allo. Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, sai na tsaya na haɗa baƙaƙen a hankali: ANA KALLON KA. Da na sani ban karanta ba.

Matanmu da suke wanke-wanke a tsakar gida da ɗaurin ƙirji suka koma zura hijabi don ɗauraye kofi ɗaya. Mai kawo mana nono kuwa, muryar ta daka mata tsawa, ba ta sake zuwa ba. Abin ya ba ni ƙyama. Amma gidan ba nawa ba ne.

Sai matata ta haihu.

Mahaifinta manomi ne mai 'yan shanu, a wani ƙauye bayan Ɗanzomo. Ita ce 'yarsa ta fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma taɓa taka cikin gidana ba. In ya zo sai ya tsuguna a inuwar katanga daga waje, har wani ya gan shi ya shigo ya faɗa mana. In fita in durƙusa in gaishe shi, ita ta kawo ruwa ta ajiye, kowa yana kallon ƙasa. Duk unguwar an san haka.

Bayan suna, wata ranar da la'asar ina dawowa daga aji a kan kekena, na hango mutane a ƙofarmu. Surukina yana tsugune da buhu a gefensa, da zakara a ɗaure. Lasifika tana ta amsa-kuwwa.

"Kai mai buhu! Da kai nake. Tun ɗazu kana laɓe a jikin katanga. Me kake jira?"

Tsohon ya waiga hagu da dama bai ga kowa ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Salamu alaikum."

"Wurin wa ka zo? Faɗi sunansa."

"Wurin yarinyar nan na zo."

"Wace yarinya? Ba ta da suna?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Wani mai keke napep da ya tsaya kallo ya ce, "Baba, faɗa masa mana, kar aljanin ya sauko!" Aka kwashe da dariya.

Muryar ta ce, "Wanda bai san sunan kowa a gida ba, me ya kawo shi? Buɗe buhun nan mu gani, ko in kira 'yan sanda."

Na yar da keken na ruga. Na samu kaina, da furfurata, ina yi wa ƙarfe ihu: "Surukina ne! Uban matata ne!"

"To me ya hana shi shiga? Malam, ku riƙa gaya wa baƙinku. Mu aikinmu muke yi."

Kafin in juyo, tsohon ya riga ya kwance bakin buhun da hannunsa. Gero ne, da kwalbar man shanu a nannaɗe cikin tsumma, na mai jego. Ya karkata shi wajen kyamarar, ya bar shi a buɗe. Na durƙusa ina cewa, "Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "Babu komai. Ka gai da mutan gida." Ya kaɗe rigarsa ya nufi tasha. Matata tana bayan ƙofa da jariri a kafaɗa, ta ji komai, kunya ta hana ta fitowa.

Na kira mai gidan a waya. Ya yi dariya ya ce ai wannan ya nuna na'urar tana aiki, surukin nawa ya riƙa yo waya kafin ya zo. Tsohon da ko waya ba ya riƙewa.

Ranar Lahadi na je ƙauyen na ba da haƙuri. Ya sa aka dama mini fura, ya tambayi ruwan sama a wajenmu, ya raka ni har bakin hanya. Na ce yaushe zai zo ya ga jikansa. Ya ce, "In Allah ya yarda." Damina ta wuce, wata ta zo, bai zo ba. Mu muke kai yaron.

Kyamarar tana nan har yau, ba ta kama ɓarawo ko ɗaya ba. Kafin ta zo mun rasa bokiti ɗaya da takalmi ƙafa biyu. Bayan zuwanta mun rasa mai nono ɗaya, da tsakar gida ɗaya da mata suke sakewa a ciki, da tsoho ɗaya da yake tsugunawa a inuwar katangarmu.