Ku Mayar wa Iosim Makullinsa

Kowace safiya, kafin ya karya kumallo, Iosim Dragila yana gangarawa bakin kogi da manjagara a kafaɗa. Ya kwashe ganye daga indararon katakon da ke kai ruwa ɗakin niƙa, in hunturu ne ya fasa ƙanƙara da gatari, sannan ya kara kunne jikin bangon ɗakin niƙa kamar mai sauraron numfashin majiyyaci. Tun gashinsa na baƙi yake wannan aikin, shi da wasu tsofaffi da ke kama masa ranar gyara. Ba wanda ya sa su, ba wanda ya biya su.

Ni ce Solomia, matar marigayi Patru. Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ke rubutawa, kuma na ce kada ta tausasa min magana.

A ƙauyenmu kowane gida da ranarsa ta niƙa, gadonta ake yi kamar gona. Yanzu rabin gidajen a rufe suke. Wasu sun tafi Italiya, wasu suna kwance bayan coci. Amma Iosim bai taɓa tsallake ranar kowa ba. In ranar mamaci ta zagayo, sai ya ɗebo masara daga buhunsa, ya saki ruwa, ya kira sunan mai ranar da ƙarfi, ya niƙa. Garin kuma ya rabar a yi tuwon sadaka.

Na taɓa ce masa, "Kai tsohon banza, matattu tuwo suke ci?"

Ya ce, "Ke dai da baki kamar zarto. In ban niƙa musu ba, da kansu za su zo."

A lokacin dariya na yi.

Iosim, kai ne ka shiga ruwa har ƙirji shekarar ambaliya ka ɗaure fankar katakon da ke juya dutsen niƙa, muna tsaye a gada muna zaginka. Kai ne mai sassaƙa dutsen in ya yi santsi, har ɓarɓashin ƙarfe ya zauna maka a fata. Kai ne ka niƙa min alkamar sadakar Patru, ka ƙi karɓar ko kofin giya. Mai riƙon amanar rayayyu da matattu, na gaishe ka.

To, da bazara sai ga mutanen gunduma. Suka shafe ɗakin da fenti, suka yanka kirtani, suka ɗauki hoto. Ko sunan Iosim ba a ambata ba. Wani mai taye a wuya ya ce daga yau ba niƙa, dutsen zai cinye. Suka kafe allon tare ruwa da ƙusoshi, suka sa kwaɗo, suka karɓe makullin a bainar jama'a. Shi kuma sakaran har da cire musu hula.

Mai tayen ya ce min, "Iya, ki yi haƙuri, wannan kayan tarihi ne."

Na ce, "Tarihin wa? Tuwon da na ci jiya tarihi ne?"

Ranar Patru ta zagayo. Da tsakar rana, ina wanke bargo a kogi, sai na ji ƙara. Dutse kan dutse, ba ƙwaya a tsakani. Duk wanda ya tashi a nan ya san ƙarshen wannan ƙarar: dutsen ya yi zafi, ya yi tartsatsi, ɗakin katako ya kama da wuta. Na je ƙofa. Kwaɗo yana nan, har gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Ƙauri na fitowa ta ƙarƙashi.

Sai ga Iosim yana ɗingishi da buhu a baya.

Na ce, "Kai ka saki ruwan?"

Ya ce, "Da waɗannan gwiwoyin? Duba can."

Ƙusoshin allon tare ruwan suna jere a kan ciyawa, a miƙe tas, ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Haka Patru yake jera ƙusa in zai yi aiki.

Iosim ya jingina tsani, ya hau rufi, ya ɗaga katako ɗaya, ya dinga zuba masara ta kafar har cikin mazurari. Ya ce, "Patru! Ga naka nan, ka bar mana ɗakin!" Nan take ƙarar ta lafa.

Tun daga nan, duk ranar mamaci sai tsohon nan ya hau rufi. Makon jiya ya zame, reshen bishiya ne ya tare shi. Gari ya taru a ciki har yana tsiyayowa ta ƙofa, ba mai iya ɗiba.

Iosim, na gode, Allah ya riƙe maka ƙafafun nan. Ku kuma 'yan ƙauye da kuka tafa wa mai taye, ku ji kunya. Ku kawo masara, ku riƙe masa tsani, ku koyi sunayen mamatan kafin bakinsa ya rufe.

Mutanen gunduma, ku dawo da makullin nan ya shiga ta ƙofa kamar mutum. Patru mai haƙuri ne, shi ya sa ya cire muku ƙusoshi a hankali. Ni ma na kusa bin sa, kuma ranarsa ranata ce. Ku tambayi kowa halina.