'Yar Bado da Ƙullin Kaba

Shekarar da aka haifi ƙanena Sanda, Kaka Dije ta taso daga Kalgo ta zo Gwandu don ta yi wa innarmu wankan jego. Ita ta haifi innarmu. 'Yar masunta ce, gajeriya, mai faɗa kamar ta ari baki, kuma ba ta ɓoye raina garinmu. Takan ce garin malamai ne da ba su san bambancin tarwaɗa da ragon ruwa ba. Ina 'yar shekara tara ko goma a lokacin. Kullum bayan magariba sai ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunyar ruwan wanka, mu kuwa yaran gida sanyi ya koro mu gindin murhu. Kafin ruwan ya tafasa takan ba mu tatsuniya ɗaya, biyu in ta sami goro mai kyau.

Ban taɓa ganin ta da babanmu ido da ido ba. Surukarsa ce, kunya ta hana. In ya yi gyaran murya a zaure sai ta ja mayafi ta juya wa ƙofa baya. Shi kuma yakan tuɓe takalmi ya durƙusa a bayan zana ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mai gidan nan. Duk abin da ya wuce gaisuwa sai an bi ta bakin innarmu, ita kuwa a wannan haihuwar zazzaɓi ya kwantar da ita, da ƙyar take gane mai shigowa.

Babanmu masassaƙi ne, turmi da ƙyaure da akushi. Ana cikin jegon nan sai dogari ya kawo saƙo cewa Nasara na yanke hanya, suna son kadarko a kan wani reshen gulbi kusa da Kalgo, kuma babanmu aka ɗora a kan masu saran itace. Jibi za su tashi. Da labarin ya iso kunnen Kaka sai ta ture akushin tuwonta. Ban san dalili ba.

A wannan maraicen ta janyo kujerarta daga inda ta saba zama ta kai ta jikin zana. A bayan zanar babanmu na zaune yana wasa gatura, muna jin ƙarar ƙarfe a kan dutse. Ta ce, "Ga ta nan ta hito ruwa." Muka amsa yadda ta koya mana, "Ta sha iska mu ji ta." Sai ta ɗaga murya fiye da kullum.

Labarin 'yar bado ne. Wata 'yar ƙaramar agwagwar ruwa ce, da kaɗan ta fi tantabara, namijin na da farar fuska da kore a gefen wuya. Ba ta kiwo sai cikin bado, 'ya'yansa take ci. Kaka ta ce da can a ƙasa take ƙwai kamar sauran 'yan uwanta, amma guza ya ishe ta, duk ta saka sai ya shanye. Sai ta je wurin tsohuwar bishiyar giyayya da ke bakin gulbi ta roƙi aron ɗaki. Giyayya ta ce akwai wani kogo da tsawa ta bar mata, in bai yi mata ƙunci ba ta shiga. Tun daga ranar 'yar bado ba ta ƙwai sai a kogon tsohon itace mai kallon ruwa. Ana nan wata rana ɗan wani masunci ya faɗa ruwa, jijiyoyin bado suka riƙe masa ƙafa. Babu wanda ya gani sai 'yar bado. Ta yi ta shawagi tana kuka a wurin har mutane suka lura, aka tsamo yaron da ransa. Uban ya rasa da me zai saka mata, sai ya tsinko kaba ya ƙulla a jikin giyayyar, ya yi rantsuwa cewa duk itacen da ke da wannan ƙullin gatari ba zai taɓa shi ba.

Nan ta tsaya ta tura itace cikin wuta. Ƙarar wasa gatari ta ɗauke. Sai ta ci gaba tana fuskantar zana:

"Sannan wani baƙo yaz zo da gatari. Garinsu in anka ƙulla kaba ga icce, masassaƙi ya kama shi ke nan, sai sara. Yag ga ƙulli, bai tambayi kowa ba. Baƙo ko da ido makaho na. Wurinmu ƙulli ba kamu ba na, hani na."

Muka tambaye ta me ya sami baƙon. Ta ce ba ta sani ba tukuna, ƙurunƙus kan tarwaɗa. Muka yi ta ƙorafi cewa wannan ba ƙarshen tatsuniya ba ne, ta kore mu da muciya.

Ni ta riƙe ni. Ta gaya mini a hankali cewa ba ƙage ba ne, tsuntsuwar tana nan. Da ƙuruciyar Kaka ba a iya ƙirga su. Shekarar yunwa mutane suka kwashe 'ya'yan bado suka ci, suka kwashe ƙwai, wa zai ga laifin mai yunwa? Bayan nan Turawa suka fara zuwa fadama da bindiga ranar hutunsu, wanda bai mutu ba ya gudu. Abin da ya rage bai fi a ƙirga da yatsu ba, duk a wasu tsofaffin giyayyu da kanya na mashigin da za a yi kadarkon, kuma mahaifinta ne ya fara ƙulla musu kaba. Sai ta miƙa mini kwaryar ruwa. "Kai ma babanku. Ki hwaɗa mai abin da kinka ji, kar ki rage komi."

Na kai ruwan. Ya karɓa bai ɗago ba, gatura a jere a gabansa. Babanmu ba mai duka ba ne, amma ba a yi masa surutu. Bakina ya yi nauyi. Abin da ya fito kawai shi ne Kaka ta yi mana tatsuniya. Ya ce to, madalla. Na dawo na ce wa Kaka na faɗa masa duka. Ta shafa kaina, a daren nan har ta ci tuwonta.

Kwana ashirin da tafiyarsu wata mai tallan busasshen kifi ta zo daga Kalgo, ita ta kawo labarin. Mazan wurin sun shige fadama gudun a ɗebe su aiki, ba wanda ya tsaya ya yi magana. Masu sara suka fara da itatuwan da ke da ƙulli, don su ne manya kuma su ne kusa da ruwa. Ko ɗaya ba su bari ba. Abin takaici, rabinsu kogo ya cinye cikinsu, ba su yi aikin kadarko ba, a wuta suka ƙare ana dafa wa 'yan aiki abinci.

Kaka ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kallo ɗaya, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Ko arba'in ɗin innarmu ba ta jira ba. Damina biyu bayan nan ta rasu, ban sake ganin ta ba. Kadarkon kuma ruwan farko da gulbi ya kawo ya tafi da shi.

Aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Kalgo, na shekara talatin ina wanki a bakin wannan gulbin. Sau ɗaya tak na ga 'yar bado, namiji shi kaɗai, yana kewaya kututture. Duk tsawon shekarun nan ina ɗauke da abin a raina, cewa ni na kashe su da nauyin bakina da ƙaryata. Ban gaya wa kowa ba, har mijina.

Da babanmu ya tsufa, idonsa ya tafi, na je Gwandu jinyarsa. Wata rana ina ba shi kunu na kasa daurewa, na ce ya yafe mini, akwai saƙon Kaka da na riƙe ban isar ba. Ya haɗiye kunun da ke bakinsa. Sannan ya ce:

"Zana ta, ba bango ba. Duk na jiya, tun daga guza har baƙo. Dogari yac ce icce arba'in cikin kwana goma ko bulala gaban mutanena. Nic ce ma raina, tunda ba ta yi magana da ni ba, ban ji ba."

Na gama ba shi kunun, na goge masa baki. Ban yi masa faɗa ba, tsoho ne makaho, kuma na san abin da bulala ke yi wa mutum mai iyali. Amma ban ji sauƙin da na zaci zan ji ba. A da na ɗauka tatsuniyar tana koya wa baƙo ya yi tambaya ne. Yanzu na ga mu uku ne a tsakar gidan nan, kowa ya san gaskiya, kowa ya sami ladabin da zai laɓe a bayansa. Ita ta laɓe bayan yara, ni bayan kwaryar ruwa, shi bayan zana. Kowa a Gwandu ya yaba zaman babanmu da surukarsa, ana cewa ba a taɓa jin kansu ba. Gaskiya ne, ba a taɓa ji ba. Kaka ta tafi kabari tana zaton ni kaɗai na ci amanarta, kuma wanda zai iya gaya mata ba haka ba ne bai taɓa kallon fuskarta ba.