Tsohuwar da ke riƙe mana jarirai a Sharaɗa

Jiya a cikin adaidaita na ji ana jan kunnen iyaye mata a rediyo, wai nono zalla har wata shida, ban da madarar gwangwani. Sai na tuna da tsohuwar da ke riƙe mana jarirai a zaurenta, bayan kamfanin robar da nake aiki. Bara ta rasu.

Iya muke ce mata. Kullum zaninta ƙamshin man kaɗanya yake, kuma ba ta amsa gaisuwa sai ta miƙo miki ɗanki ta ce, "Ba shi nono tukuna."

Wata rana shugaban sashenmu ya hana mu fita da azahar. Nono ya cika har ya jiƙa min rigar aiki. Da aka tashi na ruga, na tarar tana ba 'yata madarar gwangwani da cokali. Na fashe da kuka, na ce, "Iya, a asibiti cewa suka yi wannan cutar da yarinya ne."

Ta share min hawaye da mayafinta, ta ce, "Su zo su gaya wa mai kamfani, 'yar nan. Ni yunwa na gani."

Har yau ba wanda ya zo. Yanzu ƙanwata ta haihu, jibi za ta koma aiki, zauren kuma ya zama shago. Ta tambaye ni yadda za ta yi.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sanyaya makwancinta, mu kuma Ya dube mu.